LAFIYAR HANKALIN MA'AIKACI: YADDA ZA A GANE ALAMUN FARKO A WURIN AIKI

GABATARWA

Kowace safiya miliyoyin 'yan Nijeriya suna fita neman abinci, wasu zuwa ofisoshin gwamnati, wasu masana'antu, wasu bankuna, asibitoci, makarantu, tashoshin mota da kantuna. Mafi yawan sa'o'in da mutum yake a farke a wurin aiki yake cinye su. Saboda haka sau da yawa abokan aiki su ne suke fara ganin canji a tare da mutum tun iyalinsa ba su farga ba.

In ma'aikaci ya zo da tari ko ɗingishi, kowa zai ce masa sannu, a ba shi izini ya tafi asibiti. Amma in ciwon a zuci yake ko a ƙwaƙwalwa, sai a yi masa wata fassara dabam. A ce ya lalace, ko girman kai ya shige shi, ko kuwa an yi masa sammu. Kafin a gane gaskiyar al'amari wani ya rasa aikinsa, wani ya rasa aurensa, wani kuwa har ransa.

An shirya wannan darasi domin shugabannin ma'aikata, da masu duba aiki, da wakilan ƙungiyoyin ƙwadago, da kowane ma'aikaci da yake da abokin zama a ofis. Manufarsa ita ce mai karatu ya san alamun farko, ya san yadda zai yi magana da wanda abin ya shafa, ya kuma san inda zai nuna masa ya nemi magani.

MECE CE LAFIYAR HANKALI?

Da yawa daga cikinmu in aka ambaci taɓin hankali, abin da yake faɗo mana a rai shi ne mutumin da yake yawo a kasuwa cikin tsumma yana surutai. Wannan kuwa ɗan ƙaramin yanki ne na masu fama da ciwon, kuma galibi wanda bai sami magani da wuri ba ne. Mafi yawansu suna sa tufafi masu tsabta, suna sa hannu a rajistar zuwa aiki, suna amsa gaisuwa da "lafiya lau", alhali kuwa su kaɗai suka san abin da suke ɗauke da shi.

Mai lafiyar hankali shi ne wanda yake iya jure wahalhalun yau da kullum, yake iya koyo da yin aikinsa, yake zaman lafiya da mutane, yake kuma amfanar jama'arsa. Kamar yadda lafiyar jiki take hawa da sauka, haka ita ma. Kowa yakan yi baƙin ciki in ya yi rashi, kowa yakan ji faɗuwar gaba in zai shiga jarrabawar ƙarin girma. Wannan ba ciwo ba ne. Ana kiran abu ciwo ne in ya yi tsanani, ya daɗe, har ya hana mutum barci ko cin abinci ko gudanar da aikinsa.

GIRMAN AL'AMARIN

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 970 ne suke fama da wani nau'i na ciwon hankali, watau mutum 1 cikin kowane 8 a duniya. A cikinsu miliyan 301 ciwon fargaba ne yake damunsu, miliyan 280 kuwa ciwon damuwa. A cikin manya waɗanda suke shekarun aiki, kashi 15 cikin 100 ne abin ya shafa. In muka auna da wannan lissafi, ma'aikatar da take da mutum 100 kada ta yi mamaki in akwai wajen 15 a cikinsu da suke bukatar kulawa.

Hukumar ta kuma bayyana cewa kowace shekara duniya tana hasarar kwanakin aiki biliyan 12 saboda damuwa da fargaba kaɗai, abin da ya kai kimanin dalar Amurka tiriliyan 1. Wannan ne ya sa a watan Satumba na 2022 ta fitar da ƙa'idojin kula da lafiyar hankali a wurin aiki, tare da haɗin gwiwar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Ɗaya daga cikin manyan shawarwarin da ta bayar shi ne a koya wa shugabannin ma'aikata yadda za su gane wanda yake cikin ƙunci da yadda za su taimaka masa. Har ila yau, Ranar Lafiyar Hankali ta Duniya, wadda ake yi kowace 10 ga Oktoba tun 1992, an keɓe ta a 2024 domin maganar wurin aiki.

ABUBUWAN DA SUKE JAWO SHI

Ruwa ba ya tsami banza. Ciwon hankali yakan samo asali daga haɗuwar abubuwa da dama: gado, da yanayin jikin mutum, da abin da ya same shi a rayuwa, da halin da yake ciki yanzu. Aiki mai kyau yana tsare lafiyar hankali, domin yana ba mutum abinci da mutunci da abokan hulɗa. Amma akwai abubuwa a wurin aiki da suke raunana ta. Ga kaɗan daga ciki:

(a) Aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kamar inda aka bar nas ɗaya da ɗakin majinyata guda har safe.
(b) Dogayen sa'o'i da aikin dare ba tare da isasshen hutu ba.
(c) Jinkirin albashi, da rashin tabbas ko aikin zai ɗore.
(d) Cin mutunci daga shugaba, da tsangwama, da nuna bambancin ƙabila ko addini.
(e) Neman mata ma'aikata da lalata, da yi musu barazana in sun ƙi.
(f) Canjin wurin aiki zuwa gari mai nisa, inda mutum ya rabu da iyalinsa.
(g) Ganin abin firgita a bakin aiki, kamar yadda yake samun sojoji, 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, direbobi da ma'aikatan asibiti.

Ban da waɗannan, akwai abin da mutum yake tahowa da shi daga gida: bashi, kuɗin haya, jinyar iyaye, rikicin aure, rashin haihuwa, ko mutuwar ɗa. Ma'aikaci ba ya iya ajiye waɗannan a bakin ƙofar ofis kamar yadda yake ajiye kekensa.

ƘA'IDAR FARKO: A LURA DA CANJI

Kafin mu lissafta alamu, lalle ne mai karatu ya riƙe ƙa'ida guda. Abin dubawa shi ne canji daga yadda aka san mutum. Wanda Allah ya yi shi mai shiru-shiru, shirunsa ba alamar kome ba ne. Amma wanda aka sani da raha da barkwanci, in ya koma ba ya ko ɗaga kai, to, akwai abin tambaya. Haka nan mai sanyin hali da ya koma faɗa da kowa.

Sa'an nan a dubi abubuwa uku game da canjin. Na farko, daɗewarsa: kwana biyu ko uku ba abin damuwa ba ne, amma in ya kai mako 2 ko fiye, a mai da hankali. Na biyu, yawan alamun: alama ɗaya ba ta isa hujja ba, sai in sun taru. Na uku, tasirinsa: shin ya fara taɓa aikinsa ko zamansa da mutane?

ALAMUN DA AKE GANI

1. A wajen zuwa aiki. Mutumin da ba a taɓa saninsa da latti ba ya fara makara. Yakan nemi izini a kai a kai, yau ciwon kai, gobe ciwon ciki. Yakan ɓace daga kujerarsa na tsawon lokaci. Akwai kuma akasin haka, wanda mutane ba su cika lura da shi ba: wanda ya koma shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi, ba ya karɓar hutunsa na shekara, amma aikin nasa ba ya ƙaruwa. Wataƙila gida yake gudu, ko kuwa aikin sa'a ɗaya ya koma ɗaukarsa sa'a huɗu.

2. A cikin aikin kansa. Kurakurai suna yawaita. Akawun da lissafinsa bai taɓa tashi ba ya fara tsallake sifiri. Fayiloli suna taruwa a kan tebur. Ana ba shi saƙo ya manta, ana magana a taro hankalinsa yana wani wuri. Yanke shawara a kan ƙaramin abu yakan gagare shi. Ga direba ko mai aiki da inji wannan babban hatsari ne, domin rashin natsuwa na daƙiƙa ɗaya yana iya jawo hasarar rai.

3. A cikin hali da hulɗa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Mutum ya daina zama cin abinci da abokansa, ya daina zuwa suna da biki da jana'izar abokan aiki. Abu kaɗan ya fusata, ko ya fashe da kuka. Gyara kaɗan in an yi masa sai ya ɗauka an tsane shi. Wani kuma tsoro ne yake kama shi, ko ƙarar rufe ƙofa ta sa ya zabura.

4. A jiki. A ƙasarmu mutane ba su cika cewa "ina cikin damuwa" ba. Abin da sukan faɗa shi ne kai yana zafi ko yana nauyi, wani abu yana yawo a jiki, zuciya tana bugawa, ƙirji ya toshe, jiki ba ƙarfi. Da yawa sukan sha maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot sau da dama ba sauƙi, a auna jini a ga ba kome. A lura kuma da rama ko ƙiba ta farat ɗaya, da idanun da suka nuna rashin barci, da gyangyaɗi a bakin aiki, da mai tsabta da ya daina kula da wanka da wanki.

5. A magana. A saurari irin kalmomin da suke fita daga bakinsa: "Ni ba ni da wani amfani." "Na zame wa kowa kaya." "Na gaji da duniyar nan." "Kome na taɓa sai ya lalace." Irin wannan magana in ta yawaita ba a mai da ita wasa.

6. A shaye-shaye. Wasu sukan nemi sauƙi a wurin giya, ko wiwi, ko ƙwayar taramol, ko maganin tari mai kodin, ko ƙwayoyin barci. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Alamun sun haɗa da warin baki, jan ido, rawar hannu da safe, yawan cin bashi, da fashin aiki bayan an biya albashi. Sau da yawa shaye-shayen rufi ne kawai, ciwon yana ƙarƙashi.

CUTUTTUKAN DA AKA FI GANI

Ba aikin shugaba ba ne ya sa wa ciwo suna, wannan aikin likita ne. Amma yana da kyau a san kamanninsu.

Ciwon damuwa shi ne baƙin ciki mai nauyi, ko rashin jin daɗin duk abin da mutum yake so a da, kusan kullum har mako 2 ko fiye, tare da rikicewar barci da ci, da kasala, da ganin laifin kai. Mata masu ciki da masu jego suna cikin waɗanda ya fi kamawa, fiye da 1 cikin 10, saboda haka a kula da ma'aikaciyar da ta dawo daga hutun haihuwa.

Ciwon fargaba shi ne zullumi da tsoron da ya wuce kima, wanda mutum ya kasa dannewa, tare da bugun zuciya, gumi da sarƙewar numfashi.

Ciwon firgita yakan biyo bayan mummunan abu kamar hatsarin mota, harin 'yan bindiga, gobara ko fyaɗe. Mutum yakan riƙa ganin abin a mafarki ko a farke kamar yanzu yake faruwa, yakan kuma guji duk abin da zai tuna masa.

Akwai ciwon da yake kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa. Wani lokaci ya yi kwanaki ba barci kuma bai gaji ba, ga yawan magana, ga kashe kuɗi ba lissafi, ga manyan alkawura. Bayan haka sai ya faɗa cikin damuwa mai tsanani.

Akwai kuma rikicewar tunani, inda mutum yake jin muryoyin da ba wanda yake ji, ko ya tabbata cewa abokan aiki sun haɗa baki za su halaka shi ba tare da wani dalili ba. Wannan yakan fara ne tun ƙuruciya, saboda haka a kula da matasa sababbin ɗauka da masu koyon sana'a.

Daga ƙarshe akwai ƙosawa da aiki. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin matsalar da take tasowa daga matsin aiki mai tsawo wanda ba a magance ba, ko da yake ba ta lissafta ta cikin cututtuka ba. Alamunta uku ne: gajiya mai tsanani, fitar aikin daga ran mutum, da raguwar ƙwazo. Maganinta yana wajen gyara tsarin aikin kansa.

Abin lura a nan shi ne, wasu cututtukan jiki suna iya kawo irin waɗannan alamu, kamar ƙarancin jini, ciwon sukari, da ciwon maƙoƙo. Wannan ma dalili ne na zuwa asibiti a auna.

ALAMUN DA BA SA JIRA

Akwai alamun da in an gan su ba a jira gobe:

(a) Mutum ya ambaci kashe kansa, ko ya ce gara ya mutu.
(b) Ya fara rabar da kayansa, yana neman gafara da sallama ba tare da wata tafiya a gabansa ba.
(c) An gan shi yana tanadin fiya-fiya, ko tarin ƙwayoyi, ko makami.
(d) Yana barazanar cutar da wani.
(e) Ya ruɗe farat ɗaya, bai san inda yake ba, musamman in da zazzaɓi ko bayan ya bugu a kai.

Fiye da mutum 700,000 ne suke kashe kansu a duniya kowace shekara. Wasu suna tsoron cewa in an tambayi mutum ko yana tunanin haka, an cusa masa ra'ayin ke nan. Masana sun tabbatar ba haka ba ne. Tambayar takan sa ya ji sauƙi, ya buɗe cikinsa. Saboda haka a tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa. In ya amsa da i, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kira ɗan'uwansa da ya yarda da shi, a kai shi asibiti a ranar. A irin wannan hali ba a yin alkawarin rufa asiri, domin rai ya fi asiri.

YADDA ZA A YI MAGANA DA SHI

A ɗauka akwai wani akawu da ya shekara 10 yana aiki ba a taɓa kuka da shi ba. Cikin wata biyu ya fara latti, ya rame, lissafinsa ya fara tashi. Hanya mafi sauƙi ga shugaba ita ce ya rubuta masa takardar neman ba'asi. To, amma takarda ba ta tambayar dalili, tsoro kawai take ƙarawa. Ga abin da ya fi dacewa.

Da farko a zaɓi lokaci da wuri. A kira shi a keɓe, a rufe ƙofa, a ajiye waya. In mace ce kuma shugaban namiji ne, yana da kyau a tambaye ta ko tana son wata babbar ma'aikaciya ta zauna tare da su.

Na biyu, bayan gaisuwa a faɗi abin da ido ya gani, ba tare da zargi ba. Misali: "Malam, mun daɗe tare, na san irin aikinka. Kwanan nan na ga kamar ba ka jin daɗi, har ka rame. Ba don faɗa na kira ka ba. Lafiya dai ko?"

Na uku, a yi haƙuri da amsar farko. Mai yiwuwa ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe, gajiya ce kawai." Kada a matsa masa. A ce, "To madalla. Amma ka sani ƙofata a buɗe take, kuma abin da muka yi magana a nan ba mai ji." Bayan 'yan kwanaki a sake tuntuɓarsa. Da yawa sai a zama na biyu ko na uku suke magana.

Na huɗu, in ya fara magana a saurara. Kada a katse shi, kada a ce wane ya fi shi shiga wahala, kada a ce ai namiji ba ya kuka. A tambaye shi, "Me kake gani za mu iya yi a nan ofis da zai rage maka nauyi?"

Na biyar, a ba shi shawarar ganin likita kamar yadda za a ba mai hawan jini. In yana jin nauyi, a nemi wanda zai raka shi.

Na shida, a riƙe amana. Abin da ya faɗa ba na hira ba ne a wurin cin abinci. In ya zama dole a sanar da ofishin kula da ma'aikata, a gaya masa tukuna, a kuma taƙaita ga abin da ya wajaba.

KURAKURAN DA ZA A GUJE WA

Kada a kira mutum mahaukaci, ko a bayan idonsa. Kada a tsawata masa a gaban jama'a. Kada a ɗauke masa dukan aikinsa ba tare da shawara da shi ba, domin zai ga an fid da rai da shi. Kada abokin aiki ya ba shi ƙwayar barci ko wani maganin da ya rage a gida. Kada a ce rashin imani ne ya jawo masa, domin ciwon yana kama mai ibada kamar yadda zazzaɓi yake kama shi. Addu'a da shawarar limami ko fasto suna ƙarfafa zuciya, kuma ba sa hana zuwa asibiti. Abin da ba shi da kyau shi ne ɗaure majinyaci da mari, ko dukansa, ko hana shi abinci da sunan magani.

INDA ZA A NEMI TAIMAKO

Ciwon hankali yana da magani. Akwai magani ta hanyar zama da ƙwararre a tattauna, akwai kuma na sha. Maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, saboda haka kada a yi gaggawar dainawa, kada kuma a daina sai da izinin likita.

Matakin farko shi ne asibitin ma'aikata in akwai, ko asibiti mafi kusa. Tun 1991 manufar gwamnati ta sa kula da lafiyar hankali cikin ayyukan kiwon lafiya na matakin farko. Gwamnatin Tarayya tana da asibitocin ƙwaƙwalwa a Aro ta Abeokuta, da Yaba ta Legas, da Uselu ta Benin, da Inugu, da Kalaba, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Jihar Sakkwato, da Maiduguri. A Kano akwai asibitin Dawanau. Asibitocin koyarwa kamar na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jos, da na Ibadan, duk suna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa.

Ƙasarmu tana da abin alfahari a wannan fanni. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, inda majinyata suke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti karɓar magani. Tsarin ya nuna wa duniya cewa mai ciwon hankali ya fi saurin warkewa a cikin mutane. Daga baya Farfesa Lambo ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Darasin Aro ya shafi wurin aiki ma.

ABIN DA DOKA TA CE

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Hankali ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da aka gada daga zamanin Turawa. Sabuwar dokar ta tsare mutuncin mai ciwon hankali, ta kuma hana nuna masa bambanci, har da a wajen aiki. Saboda haka ciwon kaɗai ba hujjar korar ma'aikaci ba ne.

Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta amince cewa matsin hankali da ya samo asali daga aiki yana cikin abubuwan da ake biyan diyyarsu, bisa sharuɗɗan da ta shimfiɗa. Dokar Ƙwadago kuwa ta ba ma'aikacin da take rufewa hutun rashin lafiya da albashi har kwanakin aiki 12 a shekara, in ya kawo takardar likita. Wanda yake da ƙorafi ya nemi wakilin ƙungiyarsa ko ofishin ƙwadago na jiharsa.

IN YA DAWO AIKI

Yawancin waɗanda suka sami magani sukan koma aikinsu su ci gaba kamar da. A karɓe shi da sannu da zuwa kamar wanda ya tashi daga kowace irin jinya. A fara masa da aiki mai sauƙi a riƙa ƙarawa a hankali. A ba shi izinin zuwa ganin likita a ranakun da aka sa masa. In aikin dare yana hana shi barci, a mai da shi na rana na wani lokaci. Kada a hana shi ƙarin girman da ya cancanta saboda ya taɓa jinya.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Waɗanne abubuwa uku ne za a duba game da canjin da aka gani a halin ma'aikaci?
2. Kawo alamu huɗu na jiki da mai damuwa yakan yi kuka da su.
3. Me ya sa takardar neman ba'asi ba ita ce matakin farko ba?
4. Wane mataki za ka ɗauka in abokin aikinka ya ce gara ya mutu?
5. Wane asibiti ne mafi kusa da ma'aikatarku da yake da likitan ƙwaƙwalwa?

KAMMALAWA

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Ma'aikatar da take raba aiki da adalci, take biyan albashi a kan kari, take ba da hutu, take kuma hukunta mai cin zarafin na ƙasa da shi, ta rage wa kanta rabin wannan matsala. Sauran rabin yana hannun kowannenmu. Muna kira ga shugabannin ma'aikatu su karanta wannan darasi tare da ma'aikatansu, su amsa tambayoyin tare, su kuma rubuta sunan asibiti mafi kusa su manna a allon sanarwa. Kai kuma mai karatu, in a cikin alamun nan ka ga na abokin zamanka, ka neme shi a keɓe cikin makon nan ka tambaye shi lafiya. In kuwa naka ka gani, kada kunya ta hana ka zuwa asibiti.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.